Wai da gaske jirgin ƙasa ya taɓa zuwa Jos daga Zariya ta hanyar Soba?

"Salamu alaikum Baba Injiniya. Ni ɗalibi ne a nan Tudun Wada. Kakana yana yawan ba mu labarin wai yana yaro ya hau jirgin ƙasa daga nan Zariya har Jos, wai ta Soba da Dutsen Wai suka bi, wai jirgin ɗan ƙarami ne kuma in ya zo hawa tafiyarsa kamar ta hawainiya. Na faɗa a majalisarmu abokaina suka yi ta min dariya, suka ce tsufa ne kawai, ai jirgin Jos ta Kafanchan yake bi. Don Allah da gaske an yi wannan layin? In an yi me ya sa aka yi shi ƙarami, me ya kashe shi, kuma ba za a iya dawo da shi ba?"

Wa alaikumus salam ɗana. Toh ka koma majalisa ka ce musu su je su ba tsoho haƙuri, don ba tsufa ba ne, gaskiya ya faɗa muku. Su ma abokan naka ba ƙarya suka yi ba, layin da ya rage yau mai zuwa Jos ta Kafanchan yake bi, sai dai shi wannan ƙane ne, na kakanka shi ne wa. Tambayoyinka in na fahimta huɗu ne, an yi ko ba a yi ba, me ya sa ƙarami, me ya kashe shi, sai kuma maganar dawo da shi. Ni aikina na ƙasa ne, cikon hanya da gada da kwalbati, a kansu na tsufa, saboda haka ta wannan ƙofar zan shigo maka.

Sunan layin a takardun Turawa Bauchi Light Railway, wato ƙaramin layin dogo na Bauchi. Abin dariyar shi ne bai taɓa taka garin Bauchi ba ko sau ɗaya. Lokacin da aka gina shi Jos da yawancin filayen kuza suna ƙarƙashin lardin Bauchi ne, sai a 1926 aka yanke lardin Filato, shi ya sa sunan ya bi shi. An fara aikin a 1911 daga nan Zariya, a 1912 ya kai Rahama can wajen Lere, zuwa ƙarshen 1914 ya wuce Jos ya tsaya a Bukuru. Tsawonsa mil 143, kusan kilomita 230 kenan. Ya bi ta Soba, Dutsen Wai, Kudaru, Rahama, Jengre, kusan yankin da motar Jos take ratsawa yau. An rufe shi a 1957. Ka ga duk wanda ya yi wayo kafin wannan shekarar zai iya cewa ya hau, ka lissafa shekarun kakanka ka gani.

Kuza ce ta jawo shi

Ba don a kai mutanen Soba ganin gida aka yi shi ba, wannan kam ka cire a ranka. Kuza ce. Mutanenmu sun daɗe suna narka kuza a Liruwen Kano da Liruwen Dalma tun kafin Bature ya zo, a nan ma kamfanin Neja na Turawa ya ji ƙanshin abin, ya bi sawu har ya kafa sansani a Naraguta kusa da Jos a 1903. Wajen 1910 kasuwar kuza ta yi zafi a Landan, kamfanoni suka yi ta tururuwa zuwa tsaunin Jos. Matsalar ita ce ta yaya za a fitar da kayan. A ka ake ɗauka, 'yan dako su sauko da buhunan kuza daga kan tsauni su yi ta tafiya kwana da kwanaki har Loko a bakin Binuwai, a can a zuba a jirgin ruwa. Injinan haƙa ma haka, a wargaza su gunduwa-gunduwa a ɗora wa mutane a ka. Kuɗin dako kaɗai yana cinye ribar.

Ana cikin haka sai ga babban layin Baro zuwa Kano ya ratso ta Zariya ya isa Kano a 1911, wanda aka fara zamanin gwamna Girouard, shi kansa injiniyan dogo ne da ya yi aiki a Sudan. Masu kuza suka matsa wa gwamnati lamba, tunda ga dogo ya zo kusa a miƙo mana reshe. Za ka ce me ya sa ba daga Kaduna ba? A 1911 Kaduna ba gari ba ce tukuna, sai a 1917 ta zama hedikwatar Arewa. Zariya kuwa ga Sarki, ga hakimai da za su tara leburori, ga kuma ƙasa shimfiɗaɗɗiya daga nan har kusan Rahama in ka ƙetare Galma. Kuma kada a ɓoye, yawancin masu aikin ba da son ransu suka zo ba, rabo ake yi wa kowace gunduma ta kawo mutum kaza, diga da shebur da kwano a ka, babu katafila babu tifa. Sarkin Zazzau na lokacin Aliyu ɗan Sidi har waƙa ya yi a kan aikin diga na dogo, don ka san yadda abin ya girgiza ƙasar nan.

Jirgi da hawa ba sa ga maciji

Nan ne zan ɗan daɗe, don in ka gane wannan sauran duk mai sauƙi ne.

Ƙarfin jirgin ƙasa da rauninsa abu ɗaya ne, ƙarfe ne yake gudu a kan ƙarfe. A miƙaƙƙen fili in kana son jan tan ɗaya a kan dogo, ƙarfin da kake buƙata bai wuce kamar nauyin kilo 3 ba, shi ya sa za ka ga leburori huɗu sun tura tarago guda a tasha suna hira. Amma da zarar hanya ta fara hawa lissafi ya canza. In a kowace mita 100 ƙasa tana tashi mita 1, kowane tan ya ƙara maka kilo 10. In mita 1 ce a cikin 50, kilo 20. Ɗauki kan jirgi mai ƙarfin jan kilo 3,000, misali nake ba ka kawai don ka ga yadda abin yake. A fili zai ja tan 1,000. A hawan 1 cikin 100 ya dawo tan 230. A hawan 1 cikin 50 ya dawo tan 130, kuma har da nauyin kansa a ciki. Hawan da kai a kan babur ko giya ba za ka canza ba, shi ya cinye wa jirgi kusan kashi tara cikin goma na kayansa.

Sai ka ce toh a ƙara wa injin wuta mana. Ba ya yiwuwa haka kawai, don ƙafar ƙarfe ba ta kama dogo sai gwargwadon nauyin da ke danne ta, kamar kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu. In ka wuce nan ƙafa ta yi ta juyawa a wuri ɗaya tana tartsatsi jirgi yana tsaye. In an yi yayyafi ko raɓa ta sauka ko ciyawa ta kwanta a kan dogo abin ya ƙara lalacewa, shi ya sa kowane kan jirgi yake da akwatin yashi, direba ya ja hannu yashi ya zubo gaban ƙafa. Kana son ƙarin ja, sai ka ƙara nauyin kan jirgi. Ka ƙara nauyi, sai ka sa dogo mai kauri da gada mai ƙarfi. Kuɗi kenan, kuma kuɗin ne babu.

Yanzu dubi ƙasar. Zariya tana kamar mita 650 sama da teku, Jos kamar 1,200. Bambancin mita 550 ne, in da za a raba shi daidai a kan duk tsawon hanyar da bai wuce 1 cikin 400 ba, ko jaki ba zai ji ba. Amma Allah bai shimfiɗa ta haka ba. Daga nan har Rahama tudu ne da kwari sama-sama, ka hau kaɗan ka sauka rafi ka sake hawa, sai duwatsu jefi-jefi irin na Dutsen Wai da Kudaru da ake kewayewa. Hawan gaske yana can ƙarshe, in ka doshi Jengre zuwa sama. Duk wanda ya taɓa bin tirela mai siminti a wannan wurin ya san abin da nake faɗa. Kuma a aikin dogo hawa mafi tsanani a layi shi ne sarki, shi yake yanke yawan kayan da za a ɗaura tun daga tashar farko, ko da kuwa tsawonsa kilomita 5 ne kawai.

Injiniya in ya zo gindin tsauni zaɓinsa kaɗan ne. Ko ya huda dutse ya yi rami, ko ya yanka tudu ya cike kwari ya gina dogayen gadoji, ko kuma ya yi abin da saniyar Fulani take yi, ba ta hawa dutse a miƙe, gefe-gefe take bi tana kewayawa har ta kai sama. Na ukun shi ne mai araha. In kana son hawa mita 300 a kan 1 cikin 50 dole ka nemo kilomita 15 na hanya ko ta halin ƙaƙa, saboda haka sai ka yi ta lanƙwasa layi yana bin cikin kowane lungu na tsaunin. Wato kwana ba kuskuren safiyo mai awon hanya ba ce, da gangan ake ƙara tsawo don a rage hawa.

Toh a nan ƙanƙantar ta shigo. Ƙafafun jirgi biyu a haɗe suke da sanda ɗaya, tare suke juyawa, ba irin na mota ba da kowace take iya gudun kanta a kwana. A kwana dogon waje ya fi na ciki tsawo, kuma iya faɗin tsakaninsu iya yawan wannan bambancin. In ka matse faɗin, ka kuma gajarta taragu da kan jirgi, sai layi ya iya shan kwana mai tsanani ba tare da ƙafa ta hau kan dogo ta fita ba. Babban layinmu faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, milimita 1,067. Na Bauchi aka yi shi ƙafa 2 da inci 6, milimita 762. Bambancin ƙafa ɗaya tak, amma ƙafa ɗayan nan tana nufin yankan tudu siriri, ciko siriri, gada ƙarama, dogo marar nauyi da mutane za su iya ɗauka a kafaɗa. Ga wanda da kwano ake kwashe masa ƙasa wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Ƙari a kan haka akwai kayan wani ɗan layi mai irin wannan faɗin da gwamna Lugga ya shimfiɗa a 1901 tsakanin Zungeru da bakin kogin Kaduna, wanda zuwan babban layi ya sa ya zama ba shi da amfani, sai aka kwaso kayansa aka zuba a nan. Kuza kuma kaya ne mai nauyi da tsada a ɗan ƙaramin buhu, ba ta buƙatar ƙaton tarago kamar auduga.

Ruwa ya fi dutse haɗari

Wannan daga aikina nake faɗa maka. Mutane in sun ji layin tsauni dutse suke tunani, mu kuwa ruwa muke tsoro. Dutse in ka sa masa nakiya sau ɗaya ya tafi kenan, ruwa kuwa duk Agusta sai ya dawo. Jos tana samun ruwan sama kamar milimita 1,400 a shekara, mu nan kamar 1,000, kuma a 'yan watanni yake zubowa duka. Layin da yake bin gefen tsauni yana yanke hanyar kowane ɗan rafi da ke gangarowa, kowannensu sai ka ba shi ƙofa.

Na taɓa kula da wani ciko na hanyar mota a ƙasar nan tamu, ɗan kwangilar ya ga rafin a watan Maris busasshe ƙayau, yara suna ƙwallo a ciki, ya dage bututu ɗaya ya isa. Na ce masa ya dubi jikin wata bishiyar ɗinya da ke bakin rafin, ga busasshiyar ciyawa da karan dawa maƙale a reshe sama da kaina, ruwan bara ne ya ajiye su a can. Bai ji ba. Dare ɗaya cikin Agusta karan masara da leda suka toshe bakin bututun, ruwa ya taru ta baya kamar dam, da asuba muka zo muka tarar ciko ya tafi, bututun yana kwance can ƙasa cikin gonar wani. A mota direba zai hango rami ya taka birki. A dogo kuwa wani lokaci ƙasa ta zare daga ƙasa ta bar dogon yana rataye a iska, daga nesa lafiya lau yake, jirgi kuma ba ya tsayawa nan take balle a gangare da kaya a bayansa suna turo shi. Shi ya sa a layin dogo ake raba hanya gunduwa-gunduwa, kowace da leburorinta masu bin ta a ƙafa, musamman da damina. Ga gara, wadda ita ta sa a ƙasar nan aka fi shimfiɗa ƙarfe a ƙarƙashin dogo maimakon katako. Ga shi kan jirgin lokacin na tururi ne, yana shan ruwa fiye da yadda yake cin kwal, dole tashoshi su kasance inda za a samu ruwa har cikin bazara. Duk wannan hidimar, ƙaramin layi da babba kusan ɗaya suke ci, amma abin da suke samowa ba ɗaya ba.

Abin da ya kashe shi

Ai ka riga ka ji rabin amsar. Hausawa suka ce araha ba ta ado, abin da ya sa aka iya gina shi cikin shekara uku shi ne ya hana shi girma. Taragonsa ba ya hawa babban layi, na babban layi ba ya hawa nasa. Duk buhun kuza da ya sauko sai an sauke shi a tashar Zariya an ɗauka a ka an mayar wani tarago, duk injin da ya taso daga Ikko sai an yi masa haka kafin ya hau tsauni. 'Yan dakon Sabon Gari sun ci abinci da wannan, amma ga mai kaya ɓata lokaci ne da fashewa da ɓacewa. Da haƙar kuza ta koma ta manyan injina masu cin kwal, sai ƙaramin jirgin ya kasa, ka tuna lissafinmu na tan 130.

Sai ga kishiya. An gano kwal a Udi a 1909, layin gabas ya tashi daga Fatakwal ya kai Inugu a 1916, ya ci gaba da hawowa arewa har ya haɗu da Kaduna ta Kafanchan, a 1927 kuma aka ja reshe daga Kafanchan ya hau tsaunin ta kudu maso yamma ya shiga Bukuru da Jos, mai cikakken faɗi. A shekarar aka faɗaɗa mil 10 na tsakanin Jos da Bukuru. Da aka gama gadar Makurɗi a 1932 tarago yana iya ɗaukar kwal daga Inugu har bakin ramin kuza, ya juyo da kuza har bakin teku a Fatakwal, babu mai taɓa buhu a hanya, kuma ta fi kusa a kan a zagayo ta Zariya a nufi Ikko. Daga ranar layinmu ya zama na fasinja da kayan gona da 'yan tireda, irin tafiyar da kakanka ya yi kenan. Ya yi shekara 30 a haka yana jan ƙafa, motocin lori suna ƙaruwa suna kwashe masa ɗan abin da ya rage, kayan aikinsa suna tsufa kuma ba a iya aro daga babban layi tunda ba su dace ba. An kafa hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya a 1955, bayan shekara biyu ta rufe shi. A 1958 aka fara layi daga Kuru kusa da Bukuru zuwa Maiduguri, shi ne a ƙarshe ya kai jirgi garin Bauchi na gaske, ya isa Maiduguri a 1964.

Ni a ganina kuskuren ba na waɗanda suka rufe ba ne. Kuma ba zan ce na waɗanda suka gina ba ne kai tsaye, don su kuza suke so ta fita da wuri kuma ta fita. Abin da yake min ciwo shi ne Zariya ta samu reshen Gusau da Ƙaura Namoda a 1929 mai cikakken faɗi, shi ya rayu ya daɗe yana kwasar gyaɗa da auduga, na Bauchi kuwa da ya ratsa ƙasar noma irin ta Soba da Lere aka bar shi a ƙanƙance har ya mutu.

Za a iya dawo da shi?

Shi wancan ɗin dai a'a, kuma bai kamata ba. An kwashe dogon tuntuni, hanyar ta koma gonaki da gidaje. Na taɓa aikin awo a wani ƙauye gaban Soba, na lura da wani ɗan tudu siriri miƙaƙƙe sambal ya ratsa gonakin dawa, tsayinsa bai wuce ƙugu ba, a samansa masu babur suke bi, kuma ƙasa ba ta yin miƙewa irin wannan da kanta. Na tambayi wani dattijo da ke kaftu ya ce ai tsohon dogo kenan. Na auna faɗin saman da taku, motar ɗaukar kayanmu ma ba za ta zauna a kai ba.

In za a yi sabo, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 za a yi, mai faɗin milimita 1,435, irin wanda ake ja daga Kaduna zuwa Kano ta nan gefenmu. Shi kuma ba ya shan ƙananan kwanoni, ba zai bi sawun saniya ba, saboda haka daga Jengre zuwa sama sai an koma zaɓi na ɗaya da na biyu, huda dutse da dogayen gadoji, wurin da kuɗi yake narkewa kenan. A fannin injiniya babu abin da ya gagara a ciki. Tambayar ita ce me zai ɗauka. Kuzar manyan kamfanoni ta durƙushe, musamman bayan faɗuwar kasuwarta ta duniya a 1985. Akwai masarar Saminaka, akwai dankalin Turawa da kayan lambu na Filato, akwai taki da siminti masu hawa, amma yawanci kayan kaka ne, wata uku ana rububi wata tara shiru, dogo kuwa kullum yake son ci. Lissafin riba da asara aikin masana tattalin arziki ne, nawa ra'ayin mai cikon ƙasa ne kawai, amma da za a ba ni kuɗin a ce in zaɓa, tsohon layin Kaduna zuwa Kafanchan zuwa Jos zan fara gyarawa, tunda an riga an yi yaƙi da tsaunin a can an ci.

Kai kuma ga aikin da zan ba ka. Ka zauna da kakanka ka kunna rikoda a wayarka, ka tambaye shi a ina suka tsaya shan ruwa, me ake sayarwa a tashar Rahama, nawa ya biya, kujerun na katako ne ko yaya. In ka samu zuwa Jos ka shiga gidan tarihi na kusa da gidan zu, akwai tsofaffin kawunan jirgin wannan layin a ajiye. Ka tafi da tef ɗin tela a aljihu, ka durƙusa ka auna tsakanin dogo biyun da suke kai, za ka samu inci 30. Ka ɗauki hoto da tef ɗin a jiki ka kai wa 'yan majalisar taku.